Shekarar da Na Nema wa Yayanku Zaure

Na san abin da kuke faɗa idan kun taru ba na nan. Hadiza takan ce Umma ce ta kwashi sirrin gida ta kai wa baƙi a waya, Bashir kuma ya ce a yi mata uzuri, ruɗewa ce. Duk cikinku babu wanda yake gidan a wannan shekarar. Ke Hadiza kina ɗakin mijinki a Kaduna, kai Bashir kana jami'a, abin da kuka sani shi ne abin da baffanku Alhaji Sabo ya gaya muku, mutumin da bai taɓa ɗaukar labari ya ajiye shi yadda ya same shi ba. To ga nawa, tun ina da sauran ido da sauran ƙwaƙwalwa.

Yayanku yana aikin injiniya a wani kamfanin fasa dutse a Mpape lokacin da ya faɗo ya bugu a baya. A asibiti aka rubuta masa tiramol saboda zafin ciwo. Bayan ya warke, ƙwayar ba ta sake shi ba. Daga ita ya koma kan maganin tari mai kodin, daga nan aiki ya tafi. Ni kuwa a lokacin ban daɗe da ajiye aikin gwamnati ba, ina zaune a gidanmu na Gudu ba abin yi sai kallon mutum yana narkewa a gabana. Na tsinci kwalabe a bayan janareta, na tsince su a cikin tsohon takalminsa, har cikin buhun gawayi. Na zama mai sintiri a gidana. In ya shiga banɗaki ina bakin ƙofa, in ya yi shiru a ɗaki ina laɓe ina sauraron numfashinsa. Sai in ɗauki jaka in nufi kasuwa, in kai bakin rumfar masu tumatir, zuciyata ta ce ya fita, in juyo da jaka wayam. Ban san zama ba a shekarar nan, ko a kan sallaya rabin hankalina yana ƙofar ɗakinsa.

Da abin ya kai inda ya kai, muka kwantar da shi a asibiti. Ranar da za a sallame shi, likitar da ta duba shi, wata yarinya mai sanyin magana wadda ba ta wuce sa'ar Hadiza ba, ta ja ni gefe.

"Hajiya, magani ya yi nasa, kuma zai ci gaba da sha. Abin da ya rage mutane ne. Yana bukatar waɗanda suka bi hanyar da ya bi, ya yi magana da su ba tare da tsoro ba. Tunda ya ce ba zai fita ba, akwai zaurukan da ake haɗuwa ta waya. Amma ki bincika wanda zai shiga kamar yadda za ki bincika gidan da za ki ba 'yarki."

Ta ambaci wani zaure da wata tsohuwar nas take gudanarwa, Madam Ladi, Bagwariya daga Mpape. Na ce to, na gode, na bar maganar a nan bakin ƙofar asibitin. Ai likita ta ce binciken aure, ni kuwa na san binciken aure. Tambayar farko ita ce su wane ne, 'ya'yan wa ne, daga ina suka fito. Da wannan ma'aunin na auna, shi ya sa da baffanku Sabo ya zo da nasa guruf ɗin, ban yi dogon tunani ba.

"Duk namu ne, Hajiya," in ji shi, yana gyara babbar riga a kujerar falo. "Daraktoci, manyan ma'aikata, 'ya'yan mutunci. Ana nasiha, ana addu'a. Ba za a ɗauki yaro a jefa cikin waɗanda ba a san asalinsu ba."

Abbanku ya gyaɗa kai, ni ma na gyaɗa. A ranar aka saka yayanku. Kafin ya buɗe baki, baffanku ya riga ya rubuta maraba da ɗan ɗan'uwansa, ɗan Alhaji Bala, tare da sunan ofishin da abbanku ya yi aiki da sunan unguwarmu a Zariya. Sai gaisuwa ta ɓarke. Wannan ya ce a gaida Alhaji, tare muka yi kwas. Wancan ya ce ashe jikan Malam ne, Allah ya jiƙan Malam, mutumin kirki. Lambar kowa a fili take, hoton kowa yana nan da hularsa. Da na karɓi wayar na duba, sai na ga iyaye da kawunnai ne suke ta magana, samarin da aka tara domin su kuwa babu mai cewa komai sai amin. Ba da mugunta aka yi ba, wannan zan faɗa har gaban Allah. Mu mutane ne da ba ma iya gaisawa da mutum sai mun gano gidansu.

Ba a yi nisa ba, wata tsohuwar abokiyar aikina ta tare ni a kasuwar Gudu, ta riƙe hannuna ta matse, ta langaɓe kai.

"Mun ji, Hajiya. Allah ya shirya mana zuri'a."

Na ce amin, na dawo gida. Na tarar da yayanku a falo, ya ajiye wayar a kan tebur yana kallon ta.

"Umma, jinya kika kai ni ko ɗaurin aure? Duk wanda yake ciki ya san Abba. Me zan ce musu? In ce ɗan Alhaji Bala ya taɓa sayar da agogon ubansa ya sayi kwalba?"

A wannan makon ya fita da hantsi bai dawo ba. Bayan azahar wani direba ya kira ni daga tashar Utako, ya ce ga wani yaro kwance a kan benci, lambata ce ta ƙarshe a wayarsa. Na je na ɗauko shi da kaina. A hanya kansa yana kan kafaɗata, yawu yana zuba a mayafina, ni kuwa ina kallon titi ina jin haushin kaina, ina jin haushin Sabo, ina jin haushin Abuja gaba ɗayanta. Na tabbata a ranar cewa in aka sake irin wannan, gawa zan je ɗaukowa.

Daga nan na shiga farauta. Na cire shi daga guruf ɗin baffanku ban yi shawara da kowa ba, na zauna da waya da tabarau ina shiga zaure ina fita. Na shiga wani inda mai shi yake rantsuwa zai raba mutum da ƙwaya cikin mako guda da wani jiƙo da yake aikowa, da sharaɗin a daina maganin asibiti. Kada ku yi dariya, saura kaɗan in aika a kawo, domin wanda hankalinsa ya tashi ba ya tambayar mai magani takardarsa. Likitar nan ce ta ce in fita da gudu. Na shiga wani da babu mai tsawatawa, yara suna zagin juna, wani ma yana kwatanta inda ake samun abin da arha. Na shiga na Turawa, mutanen kirki masu haƙuri, amma lokacin haɗuwarsu bai dace da namu ba, kuma damuwarsu giya ce, ba su san me ake nufi da a ce yaro ya jawo wa gidansu magana ba. Idona ya yi ja, abinci ya fita kaina. Abbanku yakan leƙo ya ce, "Ke kam wayar nan za ta makantar da ke." Ni kuwa in ce gara ta makantar da ni da in zauna.

Da na gaji, na koma wurin likita da kunyata, na ce ta ba ni lambar matar nan ta Mpape. Na kira Madam Ladi na yi mata tambayoyi kamar 'yar sanda. Muryarta babba ce, Hausarta irin ta nan, ba ruwanta da mace ko namiji.

"Mama, tambaya duk abin da kana so," in ji ta. "Gara ka tambaya yanzu."

Na ce wa zai ga lambarsa? Ta ce babu, manhajar da suke haɗuwa a kai ba ta nuna lamba, wanda ba ya son a ga fuskarsa ya rufe kyamara. Na ce wa yake jan ragamar? Ta ce ita, ta yi shekaru tana aiki a ɓangaren masu taɓin hankali kafin ta yi ritaya, kuma akwai likitan da take komawa gare shi. Na ce me kuke sayarwa? Ta yi dariya ta ce ko ruwan leda. Na ce in yaro ya ce ya gaji da duniya fa? Ta daina dariya, ta ce a take za ta kira shi, ta kira gidansu, ba ta jiran gobe. Na ce addini fa?

"Mai salla ya yi sallan shi, mai coci ya je cocin shi. Ba na saka mitin lokacin la'asar, ba na saka safen Lahadi. Kuma doka na farko, ba a tambaya kai ɗan wa ne. Suna ɗaya kawai, ba sunan baba, ba unguwa. Wanda ya tambaya, zan fitar da shi ko minista ne."

Da na kai wa abbanku maganar, ya ajiye cokali.

"Wato ki ɗauki ɗana ki kai shi cikin mutanen da ba su san ko shi wane ne ba?"

"Abin da nake nema ke nan, Alhaji."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ni kuwa na ɗauki shirunsa na yi amfani da shi. Yayanku ya shiga. Makon farko bai ce uffan ba, yana dai saurare. A ciki akwai ɗan acaba, akwai wata ma'aikaciyar banki, akwai leburan wurin fasa dutse, akwai wani dattijo da ya ce ya girmi kowa a shaye-shaye don haka a riƙa ce masa oga. Wata rana da yamma ina yanka alayyafo a kicin, na ji wani sauti ta bangon da ya raba kicin da ɗakinsa. Na tsaya da wuƙa a hannu. Dariya yake yi. Na manta yadda dariyarsa take, har sai da na leƙa falo in ga ko baƙo muka yi.

Da a nan labarin ya tsaya, da ban ɗauki biro ba. Amma zauren yana da wata ƙa'ida da ban tambaya ba, tunda ban san akwai abin tambaya a wurin ba. Lokaci-lokaci, ranar Lahadi bayan la'asar, ana zaman iyali, mai jinya ya shigo da mutum ɗaya daga gidansu. Yayanku ya zaɓe ni. Ina kicin da wayata, shi yana ɗakinsa da tasa. Da aka zo kaina, Madam Ladi ta ce in faɗa wa ɗana abu ɗaya da nake so ya sani. Na gyara murya na ce, "Yaron nan dai, muna masa addu'a."

"Wane yaro, Mama? Yara suna da yawa a nan."

"Nawa."

"Kira shi. A nan ba mu cewa yaron nan, ba mu cewa mai ciwo. Kowa yana da suna."

Kun taso kun ji ban taɓa kama sunan yayanku ba, kuma ba ku taɓa tambaya ba domin kun san dalili. Ɗan fari ne. Uwata ba ta kama sunan nata ɗan farin ba har ta koma ga Allah, haka kakata. Ba a kiran sunansa, ba a yabonsa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Alkunya ke nan, kuma ita ce adon uwa a inda na fito. Na bayyana wa Madam Ladi haka, a gaban mutanen da ban san fuskarsu ba, raina yana ɓaci.

"Na san al'adan ku, Mama, cikin Hausawa na girma, ba na raina shi. Ba zan tilasta maka ba. Amma shi ne ya zaɓe ka, ba baban shi ba. Ka yi tunani."

Na kashe wayar. Na ce a raina wannan mata ba ta da ta ido, daga ba ta amanar yaro sai ta nemi ta koya mini tarbiyya. Kwanakin da suka biyo baya na fi kowane lokaci rashin sukuni. Na wanke labulen da ba su yi datti ba, na kwashe kayan kicin na sake jerawa, na yi wa mai kawo ruwa faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Yayanku kuwa ya koma shiru. Na daina jin muryoyi ta bango. Madam Ladi ta kira ta ce bai shigo ba, ta sake kira ta ce har yanzu. Na fara duba bayan janareta.

Wata safiya na kai masa koko, na same shi zaune a bakin gado da takalmi a ƙafa. Irin zaman da ya yi ke nan ranar Utako kafin ya fita. Na ajiye kofin na tsaya, na rasa ta inda zan fara. Shi ya fara, ba tare da ya ɗago ba.

"Umma, ba sai kin faɗa ba, na saba. A asibiti ni ne mai gadon ƙarshe. A unguwa ɗan ƙwaya. A guruf ɗin Baffa ɗan Alhaji Bala. A gida yaron nan. Ranar farko da Madam Ladi ta kira ni da sunana, sai da na yi jim, na ɗauka da wani take."

Ba da faɗa ya faɗa ba, da ya yi faɗa da na samu abin riƙewa. Na fito na zauna a kan turmi a bayan kicin, gidanmu na Zariya ya dawo mini. Gaskiya ne Inna ba ta kiran sunan Yaya Babba. Amma kakarmu tana kira, tun daga zaure ake jin ta. A ɗakinta yake kwana, ita take ɓoye masa ƙosai, gwaggonni suna masa kirari, matan kawunnai suna tsokanarsa suna kiransa mijinsu. Abin da uwa ta riƙe, gida yana biya har da ƙari. Mu kuwa muka ɗauko ɗan fari muka kawo shi bene a Abuja, maƙwabcin dama Ibo, na hagu ɗan ƙabilar Tibi, kowa ya kulle ƙofarsa. Babu kaka, babu gwaggo. Na ɗauko alkunyar na taho da ita, na baro masu biyan a can. Ku ƙanne na rungume ku, na kira ku da suna har da na shagwaɓa, shi yana tsaye yana kallo. Ban ce al'adar ba ta da kyau ba, har gobe ina ganin kyanta. Amma a gidan nan babu wanda ya ɗauki rabon da na ajiye, kuma sai a kan turmin nan na lura.

Kafin in gaya muku abin da ya faru ranar Lahadin zaman iyali na gaba, bari in gaya muku abin da ya biyo baya, don kada ku ɗauka kyauta na samu. Baffanku Sabo bai sake taka gidan nan ba sai ranar rasuwar abbanku, yana cewa na fifita bare a kan dangi. Abbanku ya yi kwanaki ba ya amsa mini sai da kai, domin yana falo a ranar, kuma ya ji. Maganar ta kai Zariya, aka ce zaman Abuja ya cinye mini kunya, akwai matan da har yau in na shiga taro sai sun taɓa juna. Kuma kada wani ya ce muku daga ranar yayanku ya warke. Ya sake zamewa bayan haka. Bambancin kawai, a wannan karon shi ya faɗa a zaure da bakinsa kafin in tsinci kwalba, Madam Ladi ta kira ni, muka koma wurin likita tare da shi yana tafiya da ƙafarsa. Har yanzu da yake da mata da 'ya'ya, yana shiga zauren, ni ma ina shiga na iyaye. Ban san fuskar yawancinsu ba, ban san 'ya'yan wa ne ba, kuma na daina son in sani.

Ranar Lahadin na roƙe shi ya shiga, ko don ni. Ya dai rufe ƙofa. Na yi la'asar, na ɗora miya, na jingina wayar da gwangwanin gishiri. Tun safe nake gwada sunan a bakina ba sauti, ina motsa leɓe a gaban tukunya kamar mai lazimi. Ni na ɗauki cikinsa, a gabana aka raɗa masa sunan, na rubuta shi a takardun makaranta ba adadi, amma harshena bai san hanyarsa ba. Aka yi ta zagayawa, wata uwa ta yi magana, wani miji ya yi kuka. Ina duba jerin waɗanda suka shigo, ban gan shi ba. Sai can ƙasa wani baƙin akwati ya bayyana da sunansa a jiki, kyamara a rufe.

"Mama," in ji Madam Ladi, "kana da magana yau, ko mu wuce?"

Na ce ina da ita. Na riƙe bakin tebur. Na ji abbanku ya rage ƙarar talabijin a falo.

"Haruna," na ce. "Haruna, ni ce Umma. Kada ka sake saka takalmin nan ba ka gaya mini ba. Ina son ka da rai."

Na ji muryata tana fita daga wayarsa a ɗaya gefen bangon, ta ɗan makara, tana maimaita sunan a cikin ɗakinsa bayan ni na riga na rufe baki. Miya ta fara kamawa, ina jin ƙaurin, ban motsa ba.

"Na'am, Umma."

Ta bango na fara jin amsar, kafin ta iso ta waya.